Yadda Ake Shirya Godiyar Kaka a Faris, Daga Sa Rana Har Buɗe Sito

Shekarar da aka fara sa ni cikin kwamitin godiyar kaka na faris ɗinmu, wato yankin coci-cocin da Fada ke kula da su, mun zauna wajen sau shida, kuma kowane zama a kan ranar bikin ya ƙare: wa zai zama shugaban taro, rumfa nawa za a ɗauko haya, wane zane mata za su yi anko da shi. Rana ta zo, biki ya yi armashi, an taka rawa har ƙura ta rufe ƙofar coci. Hatsin da jama'a suka kawo kuwa muka jibge shi a ɗakin bayan coci, muka danna kwaɗo, kowa ya shiga hidimar Kirsimeti. Da aka buɗe ɗakin a watan Maris, wari ne ya fara tarbarmu. Wake ya zama gari, masarar da ke jingine da bango ta yi hunhuna, ɓeraye sun hayayyafa a cikin dammunan dawa. Baba katikis, mai koyar da addini a cocinmu, ya daɗe tsaye a bakin ƙofa bai ce uffan ba. Can ya ce, "Yaran nan, abin da mutane suka ba Allah shi kuka ba ƙwari?"

Tun daga ranar, duk kwamitin da ya nemi shawarata daga wutsiya nake fara masa. Kafin a yi maganar rumfa da lasifika, sai an amsa mini: kayan nan, ina za su kwana, kuma cikin wa za su shiga?

Zaman farko: ina kayan za su?

Ku yi wannan zama tun watan Agusta, sa'ad da sabon gero ya fara leƙo kasuwa. Fada ya kasance a wurin, da majalisar faris, da kwamitin kuɗi. A rubuta a takarda yadda za a kasa abin da za a samu, tun ba a san yawansa ba, domin rabon abin da ba a gani ba ya fi sauƙi. Da zarar buhuna sun jeru a gaban ido, kowace zumunta za ta tuna da bukatarta.

Mu kashi uku muke yi. Kashi ɗaya na mabukata: gwauraye, marayu, tsofaffin da ba su da mai yi musu noma, da waɗanda rikici ya raba da gonakinsu. Kashi na biyu na ma'aikatan coci, musamman katikis-katikis na ƙauyuka, waɗanda ɗan abin da ake ba su a wata ba ya kai su ko'ina. Na uku shi ne na aikin faris, ko rufin coci ne ko rijiyar burtsatse. Idan dayosis, wato yankin da bishop ke shugabanta, na da kason da take karɓa, ko akwai abincin da aka saba aika wa makarantar horar da limamai, a tambaya tun yanzu a san shi, kada a ji labarinsa bayan an gama rabo. Aikin faris kuma a zaɓi guda ɗaya tak, a faɗa wa jama'a sunansa. Mutum ya fi sakin hannu idan ya san buhunsa kwanon rufi zai zama.

Wannan tsari ba mu muka ƙirƙiro shi ba. A 2 Tarihi sura 31, da mutanen Yahuza suka yi ta kawo nunan fari da zakka a zamanin sarki Hezekiya, tun daga wata na uku har wata na bakwai, kaya suka taru tsibi-tsibi. Hezekiya ya sa aka shirya ɗakunan ajiya a Haikali, aka naɗa Konaniya Balawe a kansu, da ɗan'uwansa Shimai a matsayin mataimaki. Wato sito da mai riƙe makulli suna cikin ibadar.

Sa rana

Nan ake yawan gardama, kuma kowa da gaskiyarsa. Manomin masara da gyaɗa ya gama tun Oktoba, yana so a yi kafin kaya su tafi kuɗin makaranta. Mai shinkafa da wake yana cikin aiki har Nuwamba. Dawa kuwa ba ta jin kiran kowa, sai hunturu ya busar da ita, ƙarshen Nuwamba ko cikin Disamba. Ma'aikacin gwamnati shi ƙarshen wata yake kallo. A gefe guda ga kalandar ikilisiya: Lahadi huɗu na shirin Kirsimeti suna farawa ne tsakanin 27 ga Nuwamba da 3 ga Disamba, Lahadin da ke gabansu kuma na Kristi Sarki ne, wanda ke da nasa zagayen gari. Ba a cusa godiyar kaka cikin ɗaya daga cikinsu.

Saboda haka Lahadin farko ko na biyu na Nuwamba ya fi yi mana daidai a babban coci. Ƙananan coci-coci na ƙauyuka, inda dawa ce babban abinci, ba ma tilasta musu wannan rana. Ko dai su yi tasu daga baya, ko a rubuta dammunan da kowane gida ya ce zai kawo in an yanke. A duba kada ranar ta faɗa kan ta faris maƙwabciya, don baƙinku ɗaya ne. A duba ranar zaɓe in shekararsa ce. In kuma kasuwar garinku ranar Lahadi take ci, ku san rabin masu sayen kayanku suna can.

Kwamiti

Kada ya wuce mutum tara. Abin da ya fi muhimmanci shi ne irin mutanen da ke ciki. Lallai a sa manomi na gaske, wanda zai damƙi masara ya san ko ta bushe. A sa mace mai awo a kasuwa, don ita ta san mudu, ta san bambancin sabon wake da tsohon da aka gauraya. A sa matashi mai tsabtar rubutu. Zumuntar mata, ta maza, ta matasa da mawaƙa kowace ta ba da mutum ɗaya, ƙauyuka ma su samu wakili.

Doka ɗaya ce ba na yarda a taɓa: mai karɓa daban, mai rubutawa daban, mai riƙe makulli daban. Ba don ana zargin kowa ba. Manzo Bulus da kansa, sa'ad da yake tara gudummawa domin 'yan'uwa na Urushalima, ya aiki Titus tare da wani ɗan'uwa da ikilisiyoyi suka zaɓa, ya kuma bayyana a 2 Korintiyawa 8 cewa yana yin haka ne don kada wani ya sami abin faɗa. Mutumin kirki ma kariya ce gare shi in ba shi kaɗai ya ga kuɗin ba.

Shirya zukata kafin shirya kujeru

Makonni huɗu kafin ranar, a fara koyarwa, ko minti biyar ne bayan sanarwa, da kuma cikin tarurrukan zumunta da addu'ar unguwa. Akwai matasa da yawa da suka tashi suna ganin wannan rana ranar tara kuɗi ce kawai, kuma ba laifinsu ba ne.

Maimaitawar Shari'a 26 ita ce wurin farawa. Mutum zai sa nunan fari na gonarsa a kwando ya kai wa firist, firist ya ajiye shi gaban bagade, sa'an nan mai kwandon ya buɗe baki ya ba da labarin inda aka fito: kakansa mai yawo ne, an sha bauta a Masar, Allah ya fisshe su ya ba su ƙasa. Bayan haka a ci a yi murna tare da Balawe da baƙo. Labarin ya riga rawar. A ƙara da Littafin Firistoci 19, inda aka hana mai gona girbe gefen gonarsa ƙarƙaf, aka ce ya bar kala domin matalauci da baƙo. Kowa a nan ya san kala, kuma da ita Rut ta ciyar da surukarta. Sai Markus 12, labarin gwauruwa da anininta biyu.

Siffar bikin da muke yi a coci yau, da ƙawata ɗakin sujada da amfanin gona, ana danganta ta da wani limamin Anglikan mai suna Robert Hawker, wanda ya kira mutanen ƙauyen Morwenstow a Ingila sujadar godiyar girbi a 1843. Daga baya 'yan mishan suka yaɗa al'adar. Amma ba baƙon abu suka tarar da mu ba. Kakanninmu da dama ba sa taɓa sabon hatsi sai manya sun yi abin da aka saba. Maƙwabtanmu Musulmi ma suna fitar da zakkar gona a kaka, ɗaya cikin goma in ruwan sama ne ya shayar, ɗaya cikin ashirin in ban-ruwa aka yi. Ku faɗa wa matasa wannan, su daina ganin abin kamar na Turawa.

Sai maganar ambulan. Ku raba wa kowane gida ta hannun shugabannin unguwa, amma shawarata kada a yanka wa kowa adadi. Faris da yawa suna yanka wa magidanci kaza, mace kaza, matashi kaza, har a karanta sunayen waɗanda ba su biya ba. Kuɗi kan shigo, gaskiya ne, amma haraji ne aka karɓa. Mu lamba muke rubutawa a bayan ambulan maimakon suna, littafin lambobin yana hannun magatakarda shi kaɗai.

A kuma tuna wa waɗanda ba sa noma cewa kowa da gonarsa. Tela ya ɗinko rigunan yara, mai kiwon kaji ya kawo kiret na ƙwai, malamin makaranta da ɗan acaɓa su sa nasu a ambulan. Wani kafinta namu katakan da ake ɗora buhuna a kai ya haɗo mana, kuma har yau ban ga baikon da ya kai shi amfani ba.

In shekara ta ƙi

Za a sami shekarar da wasu za su ce a fasa. A 2023, da cuta ta faɗa wa citta a Kudancin Kaduna, gidaje da yawa a Kachia da Jaba da Kagarko sun tashi ba uwa ba riba. Wasu wuraren ambaliya ce, wasu kuma ba a isa gona ba sam saboda 'yan bindiga. Ban goyi bayan fasawa ba, amma a rage. A bar hayar rumfa da gayyatar manyan baƙi, a yi sujada, a karanta Habakuk 3 daga aya 17, inda annabin ya ce ko itacen ɓaure bai yi toho ba, ko garke ya ƙare, zai yi farin ciki da Ubangiji. A irin wannan shekara kashin mabukata ya haɗiye na gini, kuma a faɗi haka a fili.

Asabar, jajibirin biki

Babban aikin yau ake yinsa. Duk mai kawo buhu, dami, ko doya mai yawa, ya kawo ranar Asabar. A kafa tebur a ƙofar sito, mai awo na zaune da mudunta, manomi na duba bushewa, matashi na rubutawa: lamba, irin kaya, yawa. Ido ba mudu ba ne, ko da ya san ƙima. Buhun da ya yi tsaye ƙyam wani lokaci rabinsa ƙaiƙayi ne. Doya a ƙirga ta, ɗari ke nan ƙwarya ɗaya. Abin da bai bushe ba a ware shi gefe da alama, ba za a haɗa shi da sauran ba. Gobe kowane gida zai shigo da ɗan kwano ko zangarniya a hannu a madadin abin da ya riga ya kawo. Da wannan kaɗai kun rage awa guda a sujada, kun kuma huta da samarin da ke rangaji da buhu a ka tsakanin kujeru.

Ado na matasa da zumuntar mata ne: karan dawa da zangarniyarsa a jikin ginshiƙai, rake a bakin ƙofa, kabewa, gwanda, ayaba, masara ɗaure da ɓawonta. Teburin bagade dai a bar shi yadda yake. Ƙa'idar sujada ta ce gurasa da ruwan inabi ne ke hawa kansa. Kuɗi da sauran kyautai domin matalauta ko domin ikilisiya a ajiye su wani wuri da ya dace, ba kan teburin ba. Mu tabarma muke shimfiɗawa a gefe.

Dabbobi kuma waje. Kaji da zabi a keji ƙarƙashin inuwa, da ruwa. Awaki da tumaki a ɗaure a gindin itace, yaro biyu na kula. Mun taɓa barin wani bunsuru ya shiga layi, kafin a gama waƙa ɗaya ya cinye adon ginshiƙi biyu ya kuma bar mana tsaraba a gaban mawaƙa.

Kafin rana ta faɗi, a tabbatar an sanar da 'yan sanda da 'yan banga, an san waɗanda za su tsaya a ƙofa, an gwada janareta da makirfo. Takardar gayyata ta mai unguwa da hakimi da maƙwabta ya kamata ta isa tun mako biyu baya. In za a yanka dabba don abincin baƙi, a kira mahauci Musulmi ya yanka, yadda kowa zai ci hankali kwance. Yawancinmu haka muke yi da Kirsimeti ma.

Ranar Lahadi

A fara da wuri. In faris na yin sujada biyu, ta Hausa da ta Turanci, a haɗa su yau, a raba karatu da waƙoƙi tsakanin harsunan. Batun karatun ranar da tsawon wa'azi na Fada ne, amma ba laifi shugaban kwamiti ya je tun cikin mako ya ce, "Fada, a taimaka mana da lokaci, layin baiko na da tsawo."

Jerin shigowa shi ne zuciyar ranar, kuma tsarinsa na nuna abin da faris ta ɗauka da daraja. Mu yara ke fara shiga, kowa da ɗan abin da ya riƙo, ko ƙwai ɗaya ne ko lemo biyu. Bayansu tsofaffi da gwauraye, tun rana ba ta yi zafi ba, tun kuma tabarmar ba ta cika ba, don kwanon tsohuwa ya sami wurin zama a gani. Sai ƙauyuka ɗaya bayan ɗaya, sai unguwannin gari, sai zumunta-zumunta, sai iyalan da ke da godiya ta musamman: wadda ta sauka lafiya, wanda ya tashi daga jinya, wanda aka sako daga hannun masu garkuwa. Manyan baƙi su ne na ƙarshe. Wasiƙar Yakubu sura 2 ta riga ta gargaɗe mu kan ba mai zoben zinariya kujerar gaba a ce wa matalauci ya tsaya can.

Kowace ƙungiya waƙa ɗaya. A gaya wa mawaƙa da zumuntar mata wannan tun wurin koyon waƙa, don in tulu da caki suka ɗauki zafi ba mai iya tsayar da su da hannu. A sa mutum biyu masu fara'a su riƙa karɓar kaya, biyu su riƙa kwashewa ta ƙofar gefe. Ba a kiran adadin kowa a makirfo.

Abu ɗaya da muka ƙara, kuma manoma suka ji daɗinsa: kowa ya zo da ɗan ƙullin irin da ya keɓe don baɗi. Bayan an sa wa baiko albarka, sai a ɗaga ƙullin iri sama a yi addu'a a kansa, kowa ya koma gida da nasa.

Bazar

Bazar, wato sayar da kayan baikon da aka kawo, sai an rufe sujada an fito fili tukuna. Ciniki ba ya shiga ɗakin sujada. Labarin teburan 'yan canji a Matiyu 21 ya ishe mu.

A nan ne biki ke gyaruwa ko ya ɓaci, kuma duk yana bakin mai shela. Ana son mai barkwanci, amma wanda ya san inda wasa ke tsayawa. Wata shekara wata tsohuwa ta kawo daddawa ƙulli biyar da busasshiyar kuɓewa a ɗan kwano. Mai shelarmu ya ɗaga kwanon sama ya ce, "Wannan kuma wa ya manta da cefanensa?" Aka kwashe da dariya, har da ni. Shekara ta zagayo ban gan ta a layi ba, sai na je gaishe ta.

"Mama, bana ba mu gan ki ba. Ko jikin ne?"

"Lafiyata ƙalau, ɗana. Na kai nawa gidan Fada da daddare. Can babu lasifika."

Tun daga nan muka hana mai shela yin tsokaci a kan kaya ko tambayar mai su. Muka kuma raba bazar gida biyu. Akwai gwanjon girmamawa, kaya kaɗan zaɓaɓɓu, kamar zakara, babbar doya, ko kwandon kayan marmari, inda masu hali ke gasa su saya da ninkin farashi don taimakon coci. Da yawansu ma sukan mayar da abin a sake sayarwa ko a ba wata gwauruwa. Wannan kada ya wuce awa ɗaya. Sai kuma tebura na kowa da kowa, inda zumuntar mata ke sayar da kaya a farashin kasuwa ko ƙasa da shi kaɗan, yadda mai naira dubu ma zai koma gida da abin miya daga godiyar kaka.

A fara da abin da ba ya kwana: tumatir, alayyafo, ayaba, ƙwai, kaji. Hatsi kuwa kada a sayar da shi ranar. A kaka farashi yake ƙasa, kowa ya sani, kuma akwai 'yan kasuwa, har cikin 'yan'uwa, da ke jiran ku zubar musu da shi.

Bashi shi ne ciwon bazar. Mutum zai yi tayi mai tsoka a gaban jama'a, a tafa masa, ya ɗauki rago ya tafi, sai a shekara ana bin sa. Dokarmu: kaya ba ya fita sai da rasit. Wanda ya yi alkawari a rubuta a littafi ya sa hannu, kayansa su jira shi zuwa Laraba, in bai zo ba a sayar. Mai biya ta waya ya tura asusun faris, ba na wani mutum ba, kuma ma'aji ya ga shigar kuɗin da idonsa a wayar da ke karɓar saƙon banki, don hoton tiransifa kowa na iya haɗa shi. 'Yan siyasa in sun zo a karɓe su da mutunci kamar kowane baƙo, amma makirfo ya tsaya hannun mai shela. Giya da caca da sunan ƙuri'a kuwa, ra'ayina a bar su. Yara na wurin, maƙwabta na kallo, kuma rigimar yamma takan cinye ribar.

Ƙirga da ajiya

A daren ake ƙirga kuɗi, a ɗaki rufe, mutum uku daga zumunta daban-daban. Baikon sujada daban, ambulan daban, bazar daban, kowa ya sa hannu a takarda. Litinin da safe banki.

Daga Litinin ɗin kuma aikin hatsi ya fara, kuma kwamiti bai watse ba sai an gama shi. Abin da aka ware don rashin bushewa a shanya shi kan tamfol, ba kan ƙasa ba. Gwajin haƙori kowa ya san shi: ƙwayar da ta bushe ƙas take fashewa. In ana shakka, a zuba busasshen gishiri da ɗan hatsi a busasshiyar kwalba, a rufe a girgiza a bar shi ɗan lokaci. In gishiri ya manne a jikin kwalba, da sauran laima. Masara da gyaɗar da suka yi hunhuna a zubar, kada a ce ai mabukata za a ba, domin gubar da ke cikinsu tana lalata hanta, kuma dafuwa ba ta kashe ta.

Wake da masara a zuba su a buhun PICS, mai leda biyu a ciki da buhun saƙa a waje. A matse iska, a ɗaure kowace leda ita kaɗai, ta ciki tukuna. Ƙwaron da ke ciki iska ce za ta ƙare masa, ba sai an sa magani ba. Kada ku yarda wani ya yayyafa maganin feshi a abincin da mutane za su ci, ko da ya ce haka yake yi a gidansa. A jera buhuna kan katako, a bar tazara tsakaninsu da bango, a share ɗakin a toshe ramukan ɓera, don ɓera ɗaya in ya huda leda aikin ya tashi. Doya ba ta jira, a raba ta ko a sayar cikin makonni kaɗan. A sa kwaɗo biyu a ƙofa, makulli ɗaya wurin katikis, ɗaya wurin shugabar zumuntar mata. Kowane wata su buɗe tare su duba, ba tare da kwance buhu ba.

Cikin mako uku a karanta rahoto a gaban jama'a: abin da ya shigo, abin da aka kashe wurin shiri, buhu nawa ke sito, alkawari nawa ya rage ba tare da kiran suna ba. A manna kwafi a allon sanarwa, a aika wa ƙauyuka nasu. In kuɗin rumfa da abinci da anko sun cinye kaso mai yawa, a faɗa, kwamitin baɗi ya ji.

Rabon mabukata kashi biyu muke yi masa. Ɗan kaɗan kafin Kirsimeti, mafi yawa kuma sai Yuli zuwa Agusta, lokacin da rumbuna suka yi ƙasa, sabo bai nuna ba, mudu ya yi tsada. A lokacin ne kuma ake sayar da kashin aikin faris. Katikis-katikis da shugabannin mata su ne ke rubuto sunaye a asirce, don su suka san gidan da ba a ɗora tukunya ba, kuma ba ma tambayar ko mutum ɗan cocinmu ne. Ba a kiran kowa gaban jama'a, ba a ɗaukar hoto. Samari biyu ke kaiwa a babur da magariba, su sauke a zaure su yi sallama su juyo.

Buhunan da aka zazzage a dawo da su sito. A kakkaɓe ledojin, a hura kowace a ga ko ta huje, a ninke masu kyau a rataye inda ɓera ba zai kai ba. A rubuta yawansu a shafin ƙarshe na littafin kwamiti, tare da sunan wanda makulli ke hannunsa, kafin a miƙa littafin ga waɗanda za su zauna a watan Agusta.